JACK HOBBS: ƊAN MAI GYARAN FILI DA YA ZAMA GWANIN KURKET

Wasan kurket bai yi farin jini a ƙasarmu kamar ƙwallon ƙafa ba, amma a Ingila, Indiya, Ostiraliya da Afirka ta Kudu akwai mutanen da shi ne sana'arsu, da shi suke ci da iyalinsu. Wannan tarihin ɗaya ne daga cikinsu, wato Jack Hobbs, wanda ya yi shekara 30 yana wannan aiki. Kafin mu shiga labarinsa, bari mu ɗan bayyana wasan domin wanda bai taɓa gani ba.

Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum 11. A tsakiyar fili akwai wani tsiri mai tsawon yadi 22, an kafa turaku uku a kowane ƙarshensa. Mai jifa yakan sheƙo da gudu ya jefo ƙwallo mai tauri, ta daki ƙasa ta taso, da nufin ta kada turakun. Mai bugu kuwa yana tsaye a gabansu da sandar katako mai faɗi, kamar babbar muciya, yana tsare su yana kuma buga ƙwallon nesa. Masu bugu biyu ne a fili a lokaci guda, in suka yi gudu suka musanya wuri sun sami maki ɗaya. In ƙwallo ta gangara ta kai iyakar fili maki huɗu ke nan, in ta tsallake ta sama maki shida. Amma in ƙwallo ta kada turaku, ko wani ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa, mai bugu ya fita, wani ya shigo. Kuskure ɗaya tak ya isa ya aika da shi waje. Shi ya sa mai bugun da ya tara maki 100 a shiga ɗaya ake cewa ya yi ɗari, kuma abin yabo ne ƙwarai.

An haifi John Berry Hobbs a garin Kambirij na Ingila ran 16 ga Disamba 1882. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya 12. Mahaifinsa mai rufin ɗaki ne, daga baya ya sami aikin gyaran filin kurket a ɗaya daga cikin kwalejojin jami'ar garin. Gidansu gidan talakawa ne. Jack ya yi waƙa a ƙungiyar mawaƙan majami'ar unguwarsu, kuma tare da yaran ƙungiyar ya fara buga wasa na sosai. Bai yi nisa a makaranta ba. Ya yi aikin aike, ya yi barantaka a kwalejin da mahaifinsa ke aiki, sa'an nan ya shiga koyon haɗa bututun iskar gas.

Ba a taɓa ɗaukar masa malamin koyar da kurket ba. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki turke guda ɗaya, wanda bai kai rabin faɗin sandar bugu ba, ya riƙa buga ƙwallon tanis da shi. Wanda ya saba samun ƙwallo da siririn icce, in aka miƙa masa sanda mai faɗi sai ya ga abin ya zo da sauƙi. Da sassafe kafin aiki yakan tafi babban filin garin ya yi ta gwaji, ya kuma zuba ido ga Tom Hayward, wani ɗan garinsu da ke buga wa ƙungiyar lardin Surrey, yana kwaikwayon tsayuwarsa da yadda yake ɗaga ƙafa.

A 1902 mahaifinsa ya rasu, ya bar uwa da ƙananan yara. Jack yana da shekara 19, nauyin gida ya faɗo masa. An rubuta wa ƙungiyar lardin Essex a gwada shi, ba su kula ba. Hayward ne ya yi masa hanya a Surrey, inda aka ɗauke shi a 1903 a kan sule 30 a mako lokacin wasa, da fam ɗaya a mako lokacin hunturu. Da yake ba haifaffen lardin ba ne, dokar lokacin ta tilasta masa zaman shekara biyu a can kafin ya shiga babbar ƙungiya.

Ya kamata mai karatu ya san matsayin mai wasa don albashi a Ingila ta wancan zamani. 'Yan wasa kashi biyu ne. Akwai 'ya'yan masu hali da ke wasa don sha'awa, akwai kuma 'yan albashi. A manyan filaye ɗakin sa tufafinsu daban, ƙofar da suke shiga fili ma daban. Kyaftin kusan kullum daga cikin 'ya'yan masu hali ake naɗa shi, ko da ɗan albashi ya fi shi iyawa nesa ba kusa ba. Ɗan albashi in ya ji rauni ko hannunsa ya daina ci, ana iya sallamarsa a ƙarshen shekara. Ba a soke wannan bambanci ba sai a ƙarshen 1962. A cikin wannan tsari Hobbs ya yi dukan aikinsa.

A watan Afrilu 1905 ya buga babban wasansa na farko, da wata ƙungiya da W. G. Grace ke jagoranta, tsohon da ake ɗauka a matsayin uban kurket na zamani. Hobbs ya sami maki 18 a shigar farko, 88 a ta biyu. Wasan da ya biyo baya da Essex ne, waɗanda suka ƙi kula shi, ya zuba musu 155. A 1906 ya auri Ada Gates, Allah ya ba su 'ya'ya huɗu. Ran 1 ga Janairu 1908 ya fara buga wa Ingila, a birnin Melbourne na Ostiraliya, ya sami 83.

Aikinsa shi ne buɗe bugu, wato shiga da fari, lokacin da ƙwallo take sabuwa tana sheƙi tana karkata a iska, masu jifa kuma ba su gaji ba. Gwanintarsa tana ƙafafunsa. Yakan tsaya cik, kansa bai motsi, ya karanta tsawon jifa da wuri. In ƙwallo za ta sauka kusa da shi sai ya taka gaba ya tare ta tun ba ta juya ba. In za ta sauka nesa sai ya ja baya ya ba kansa lokacin ganin inda ta nufa. Mafi yawan masu bugu a tsakanin waɗannan biyu suke hallaka, ba su yi gaba ba ba su yi baya ba. Bai cika dogara ga ƙarfi ba. Yakan duba inda masu tsaron fili suke tsaye, ya tura ƙwallo ta ratar da ke tsakaninsu.

Jarrabawarsa ta farko mai tsanani ta zo a Afirka ta Kudu a rangadin 1909 zuwa 1910. A lokacin an fito da wata sabuwar jifa mai suna gugili. Mai jifa yakan murɗa hannu kamar ƙwallo za ta juya wannan gefe, amma in ta daki ƙasa sai ta juya wancan. Mutanen Afirka ta Kudu sun ƙware a kanta, ga shi kuma a kan tabarma da aka shimfiɗa suke wasa, inda ƙwallo ke juyawa da sauri ta taso sama. Manyan masu bugun Ingila sun rikice. Hobbs ya koyi kallon wuyan hannun mai jifa, in kuma bai gane ba sai ya jinkirta bugu har ƙwallo ta nuna inda za ta. Ya tara maki 539 a wasanni biyar na ƙasa da ƙasa, har da 187 a Cape Town. Tun daga nan aka fara lissafa shi gaba da kowa. A rangadin Ostiraliya na 1911 zuwa 1912 ya yi ɗari sau uku, kuma shi da Wilfred Rhodes suka tara 323 tare kafin a raba su.

Yana kan ganiyarsa Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke a 1914, aka dakatar da manyan wasanni shekara huɗu. Bai shiga soja da wuri ba, ya yi aiki a masana'antar makamai, abin da ya jawo masa zargi daga wasu. Yana da mata da 'ya'ya huɗu da uwa gwauruwa a wuyansa. A 1916 ya shiga rundunar jiragen sama a matsayin makanike. Da aka dawo wasa a 1919 yana da shekara 36. Ƙungiyarsa ta ware masa kuɗin ƙofa na wasa guda, kamar yadda ake yi wa ɗan albashin da ya daɗe. Bai ɓarnatar da kuɗin ba. Ya buɗe kantin kayan wasanni a Landan, wanda ya riƙe shi har tsufansa.

A 1921, ana tsakiyar wasa da Ostiraliya a birnin Leeds, ciwon ciki mai tsanani ya kama shi, aka yi masa tiyatar gaggawa wadda ta ceci ransa. Ya murmure, amma ƙarfin da ya tafi bai dawo duka ba. A nan ne mutane da yawa za su ajiye sanda. Shi kuwa sai ya sāke salon bugunsa. Kafin yaƙi an san shi da kai farmaki da bugu mai ban sha'awa. Yanzu sai ya koma tsayawa a ƙafar baya, ya rage bugun kasada, ya riƙa tara maki ɗaya ɗaya ta wurin ajiye ƙwallo inda babu kowa. Abin mamaki, kusan rabin ɗaruruwan da ya yi a rayuwarsa bayan ya cika shekara 40 ya yi su.

A 1924 ya sami sabon abokin buɗe bugu, Herbert Sutcliffe na lardin Yorkshire. Sun fahimci juna har ba su cika bukatar kira kafin su yi gudu ba, kallo ya isa. Sau 15 suka tara wa Ingila maki 100 ko fiye kafin a fitar da ɗayansu. A Melbourne, a farkon 1925, sun yini cur suna bugu ba a fitar da kowa ba, suka tara 283.

A shekarar ce kuma Hobbs ya kusa kamo Grace, wanda lissafin lokacin ya ba shi ɗari sau 126. Da ya kai 125 sai abin ya tsaya. Makonni 'yan jarida da masu ɗaukar hoto suna bin sa gari gari, shi kuwa yana fita da ƙananan maki. A garin Taunton, ranar Asabar a watan Agusta, dare ya yi yana da 91. Ba a wasa ran Lahadi, sai ya kwana biyu da tara a ransa. Ran Litinin da safe ya cika ɗarin. Washegari ya ƙara wani, ya wuce Grace. Ɗari 16 ya yi a wannan shekara, yana da shekara 42.

Masana da yawa sun fi yaba abin da ya yi a 1926 a filin Oval na Landan. Wasa na ƙarshe ne da Ostiraliya, huɗun farko duk an tashi babu wanda ya ci, kuma rabon Ingila da rinjayar Ostiraliya a jerin wasanni tun 1912. Da dare aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. A zamanin ba a rufe tsirin tsakiyar fili, saboda haka da rana ta fito sai ƙasar ta yi danƙo, ƙwallo tana tsalle tana juyawa yadda ta ga dama. A irin wannan ƙasa ana iya fitar da ƙungiya duka kafin azahar. Hobbs da Sutcliffe suka sassauta riƙon sanda domin ƙwallo ta faɗi a gabansu maimakon ta tashi a cafe, suka ƙyale wadda ba ta nufi turaku ba, suka jure wadda ta same su a jiki. Hobbs ya yi 100 daidai, Sutcliffe 161, Ingila ta ci da ratar maki 289.

A 1929 ya yi 142 a Melbourne yana da shekara 46, kuma har yau babu wanda ya yi ɗari a irin wannan wasa na ƙasa da ƙasa yana da shekarun da suka kai haka. Ya buga wa Ingila wasa 61, ya tara maki 5,410 da ɗari 15, ya sauka a 1930. Ɗarinsa na ƙarshe a Surrey ya yi shi a 1934 yana da shekara 51. Jimlar makinsa a manyan wasanni ta haura 61,000. Wasu masu lissafi sun ba shi ɗari 197, wasu 199, domin sun saɓa a kan wasannin da ya buga a rangadin Indiya da Siri Lanka a 1930 zuwa 1931. Ko wanne aka ɗauka, babu wanda ya kamo shi.

Halinsa ma ya sa aka girmama shi. Mutum ne mai kunya, marar fahariya, mai son barkwanci da abokan wasa. An san shi da cewa in ya cika ɗari kuma ƙungiyarsa ba ta cikin matsi, sau da yawa yakan saki jiki a fitar da shi domin na baya su sami shiga. Mai zuwa sujada ne, kuma a rangadin Indiya ya ƙi yin wasa ran Lahadi. A 1953 Sarauniyar Ingila ta ba shi sarautar Sir, shi ne ɗan albashi na farko a kurket da ya same ta. Babbar ƙofar filin Oval sunansa take ɗauke da shi. Da matarsa Ada ta kwanta ciwo a ƙarshen rayuwarsu, shi ya yi jinyarta har ta rasu a 1963. Watanni kaɗan bayan haka shi ma ya bi ta, ran 21 ga Disamba 1963, a garin Hove, yana da shekara 81.

Ɗalibai, abin lura a nan shi ne sau nawa wannan mutum ya koma ɗan koyo. Ya koya da turke ɗaya yana yaro. Ya sāke koyo da gugili ta zo, lokacin da ya riga ya yi suna. Ya sāke koyo kuma bayan tiyata, da jiki ya ƙi yin abin da ya saba. Waɗanda za su bar mu a bana za su tarar da haka a kowace sana'a suka shiga, ko koyarwa ce, ko jinya, ko noma. Abin da aka koya a aji zai kai mutum bakin fili, amma ƙasar fili tana sākewa, kuma wanda ya yarda ya gyara tsayuwarsa shi ke daɗewa a ciki.