John Backus: Ɗalibin da Aka Kora, Ya Dawo Ya Samar da Fortran

Duk wanda ya taɓa zama yana harhaɗa wata manhajar lissafi daga asalin rubutunta, kwamfuta ta tsaya ta ce sai an kawo mata gfortran, to ya ci karo da aikin John Backus ko bai sani ba.

An haifi Backus a birnin Filadelfiya na Amurka ranar 3 ga Disamba, 1924. Da farko dai karatu bai dame shi ba. Ya shiga Jami'ar Virginia don karanta kimiyyar sinadarai, amma saboda ƙin halartar aji aka sallame shi bai cika shekara ba. Ya shiga soja, ya taɓa karatun likita, shi ma ya bari. A lokacin ne aka cire masa wani ƙari a ƙashin kai, aka sa masa farantin ƙarfe. Gyaran rediyo ne ya ja hankalinsa zuwa lissafi, har ya yi digiri na biyu a Jami'ar Columbia, ya kama aiki da IBM a 1950.

Wancan zamanin fa, sai ka rubuta wa kowace na'ura umarni da harshenta na lambobi. In an sauya na'ura, aiki ya koma farko. A ƙarshen 1953 Backus ya nemi izinin haɗa tawaga don a gina tafinta, wato kwamfaila, mai juya lissafin da mutum ya rubuta zuwa harshen na'ura. Masana da yawa suna ganin ba zai kai saurin rubutun hannu ba. A Afrilun 1957 Fortran ya fito a kan IBM 704, saurinsa ya kusa na ƙwararru, sai aka rungume shi.

Wasu kamfanoni suka yi nasu kwamfaila, a 1966 kuma aka kafa wa harshen ƙa'ida ɗaya. Shi ya sa yau rubutu ɗaya, kamar na LAPACK, ake harhaɗa shi a Linux da Windows da macOS. Manhajojin hasashen yanayi da dama ma da Fortran aka rubuta su.

Backus ya karɓi lambar yabo ta Turing a 1977, ya rasu ranar 17 ga Maris, 2007, yana da shekara 82. Ɗan'uwa, in sakamakon zangon bara bai yi maka daɗi ba, ka tuna da mutumin nan, ka koma aji.