Jean Brachet

Jean Louis Auguste Brachet (19 ga Maris 1909 – 10 ga Agusta 1988) masanin kimiyyar halittu ne ɗan ƙasar Beljiyam. Yana cikin mutanen farko da suka nuna cewa sinadarin RNA yana da hannu wajen haɗa furotin a cikin ƙwayar halitta.

Farkon rayuwa

An haife shi a Etterbeek, kusa da Brussels. Mahaifinsa, Albert Brachet, masani ne kan yadda ɗan tayi ke girma. Jean ya karanta likitanci a jami'ar ULB ta Brussels, ya kammala a 1934, kuma a can ya koyar. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Jamusawa sun tsare shi na ɗan lokaci.

Bincike

A wancan zamani masana da yawa sun ɗauka DNA na dabbobi ne, RNA kuma na tsirrai da yisti. A 1933 Brachet ya samu RNA a cikin ƙwan wata dabbar teku mai ƙayoyi, abin da ya raunana wannan rarrabuwa. Daga baya ya lura cewa ƙwayoyin da suka fi haɗa furotin su ne suka fi yawan RNA. Torbjörn Caspersson na Suwidin ya cimma wannan sakamako a nasa ɓangaren.

Aikinsa da ya fi shafar tsirrai ya yi shi ne a shekarun 1950 a kan Acetabularia, wata koriyar gansakukar teku. Duk jikinta ƙwayar halitta guda ce mai tsawon santimita kaɗan, cibiyarta kuma tana can gindi, don haka ana iya yanke ta da almakashi. Tun a shekarun 1930 Joachim Hämmerling ya nuna cewa karan da aka raba da cibiya yana iya fitar da hularsa mai kama da laima. Brachet da Hubert Chantrenne suka auna, suka ga irin wannan kara yana ci gaba da haɗa furotin har makonni. Ke nan saƙon da cibiya ta aika tun farko yana nan a ajiye, kuma akwai abin da ke wajen cibiya da ke tsara lokacin da za a fara karanta shi. Sai a 1961 aka tabbatar da RNA mai ɗaukar saƙo, a cikin bakteriya.

Ya samu lambar yabo ta Francqui a 1948. Ya rasu a Braine-l'Alleud.