Hajiya Barmani Coge: Zabiyar Da Ta Fito Da Kiɗan Ƙwarya Bainar Jama'a

Ranar 2 ga watan Maris na shekarar 2013 ne Allah Ya yi wa Hajiya Sa'adatu, wadda aka fi sani da Barmani Coge, rasuwa a garin Funtuwa bayan ta yi fama da rashin lafiya. Ta bar 'ya'ya da jikoki masu yawa, ta kuma bar suna wanda har gobe ba a ambaton waƙar matan Hausa ba tare da an kawo shi ba. Dalili kuwa shi ne, ita ce kan gaba cikin matan da suka ɗauko kiɗan ƙwarya daga tsakar gida, inda mata kaɗai ke jinsa, suka kai shi filin taro gaban maza da mata, da sarakuna da ma'aikatan gwamnati.

An haifi marigayiyar a cikin shekarun 1940 a ƙauyen Gwaigwayi na ƙasar Funtuwa, watau kudancin Jihar Katsina ta yanzu. Wannan yanki, tun daga Funtuwa da Bakori har zuwa Karfi da Malumfashi, ƙasa ce ta noman auduga da masara da dawa. Idan kaka ta yi, aka sayar da amfanin gona, sai bukukuwan aure su yawaita, makaɗa su sami kasuwa. A nan Funtuwa ne kuma Alhaji Mamman Shata ya yi zaman shekaru masu yawa. Mahaifin Barmani malami ne, saboda haka ba gadon kiɗa ta yi ba. An yi mata aure tana 'yar shekara 15 da Alhaji Aliyu, wanda shi makaɗin garaya ne, kuma goyon bayan da ya ba ta ne ya sa ta iya riƙon waƙa a matsayin sana'a alhali tana ɗakin mijinta.

Kiɗan da ta shahara da shi ana kiransa amada. Kayan aikinsa duk na cikin gida ne. Akan kife ƙore manya da ƙanana, wasu a ƙasa, wata kuma a bisa ruwa cikin babban mazubi, sa'an nan a riƙa buga su da 'yan sanduna. Wadda ke kan ruwa ita ce ke ba da amo mai zurfi kamar na ganga. Zabiya tana ba da waƙa, 'yan amshi suna karɓa, mai guɗa tana rangaɗawa. Da can mata su ya su suke yin wannan kiɗa ranar suna ko zaman biki, domin namiji baligi ba ya shiga cikin gidan da ake kulle.

Wajen shekarar 1973, watau shekarar da Nijeriya ta bar fam da sule ta koma naira da kwabo, Barmani ta fara fita waƙa sosai tare da ƙungiyarta ta mata. A lokacin nan fagen kiɗa na maza ne, masu kalangu da kotso da taushi da kukuma. Macen da ta tsaya gaban taro tana waƙa kuwa ba ta rasa masu yi mata kallon banza. A Kano, Hajiya Uwaliya Mai Amada ta riga ta yi suna da irin wannan kiɗa. Barmani ta bi wannan hanya, ta kuma ƙara faɗaɗa ta, har ya zama ana gayyatarta garuruwa daban-daban na Arewa, wajen bukukuwan manyan mutane da tarurrukan nuna al'adu da ake yi a fili. Gidajen rediyo da talabijin da kaset-kaset suka kai muryarta har gidajen da matansu ba su taɓa ganinta ba.

Abin da ya sa mata suka riƙe ta hannu bibbiyu shi ne, zancensu take yi da bakinsu. Ta yi waƙa a kan kishi da zaman gidan miji, da haihuwa da wahalarta da alfaharin da ke cikinta. Amma babban saƙonta shi ne neman na kai. A cikin waƙarta da aka sani da A Kama Sana'a Mata, da kuma Sakarai Ba Ta Da Wayo, ta yi wa macen da ke zaune hannu rabbana kaca-kaca, ta yabi wadda ke juya ɗan jarinta. Wannan kira ya dace da rayuwar matan karkara, waɗanda daga cikin gida suke yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa da fura, su zuba adashi, su yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki. Ita kanta shaida ce a kan abin da take faɗa, domin da ƙwarya ta riƙe iyali, har ta sauke farali.

Ba kowa ne ya yi na'am da ita ba. Akwai waɗanda suka zarge ta da sakin baki, musamman a waƙoƙin da ta siffanta jikin mace da rawarta, suna ganin maganar da ta dace da zaman mata a ɗaka ba ta kamata a yi ta gaban maza ba. Masu kare ta kuwa suna ganin barkwanci ne irin na biki, wanda da shi take jawo hankalin mata kafin ta isar musu da nasiha. Duk da wannan saɓani, ba ta ajiye ƙwarya ba sai da ciwo ya kwantar da ita, bayan kimanin shekara 40 tana waƙa.

Tun tana da rai zamani ya fara juyawa. Daga shekarun 1990 finafinan Hausa da kiɗan fiyano suka mamaye gidajen biki, 'yan mata masu murya suka karkata can, masu koyon amada suka ragu. Masana irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano sun yi rubutu a kan rayuwarta da waƙoƙinta, ɗalibai kuma suna nazarinsu a sassan koyar da Hausa. Amma kaset ba ya daɗewa, kuma matan da suka yi mata kiɗa da amshi girma yana kama su.

Saboda haka ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina, da gidajen rediyon da ke da tsofaffin faya-fayanta, su haɗa kai a tattara waƙoƙin nan a adana su, a kuma nemi sauran 'yan ƙungiyarta a ɗauki bayani daga bakinsu. Haka nan masu shirya bukukuwan al'adu na jiha da na ƙananan hukumomi su riƙa ware wa makaɗan ƙwarya fili da lokaci daidai da na maza, domin sana'ar da ba a ganinta ba ta samun magada.

Allah Ya jiƙan Hajiya Barmani Coge, Ya gafarta mata, Ya albarkaci zuriyarta, amin.