Likita Alexis Carrel, Maɗinkin Jijiya

A da, in adda ta datse wa mutum babbar jijiyar jini ta damtse, sai a ɗaure ta kurum don jini ya tsaya. Sau da yawa hannun yakan mutu, a yanke shi. Alexis Carrel ne ya koya wa likitoci ɗinke ta.

An haife shi kusa da birnin Liyon a Faransa cikin 1873. Yana koyon aikin likita, cikin 1894, aka soki Shugaban Faransa, Sadi Carnot, da wuƙa, ya mutu don ba wanda ya iya ɗinke jijiyarsa. Abin ya dami Carrel ƙwarai. Bai ji girman kai ba, ya tafi wurin mata masu ɗinkin ado, ya koyi aiki da 'yar allura da zaren siliki. Cikin 1902 ya bayyana dabararsa, watau a kama bakin jijiya wuri uku, a ja ya miƙe, sa'an nan a ɗinke, jini ya sake gudu.

Ya koma Amurka, ya sami lambar Nobel cikin 1912. Amma daga baya ya zub da mutuncinsa da koyarwar a hana raunana haihuwa. Ya mutu a Faris cikin 1944. Ɗinkinsa kuwa har yau yana ceton hannuwa.