Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makarantar da ya rubuta Shaihu Umar

Yawancin 'yan Najeriya sun san Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ne a matsayin Firayim Ministan ƙasar na farko, wanda hotonsa ke jikin takardar naira biyar, kuma jami'ar tarayya da ke Bauchi ke ɗauke da sunansa. A unguwannin birnin Bauchi, daga Gwallaga zuwa Jahun, zai yi wuya a sami dattijon da ba shi da abin faɗa game da shi. Amma tun kafin siyasa ta kira shi, yana saurayi mai kimanin shekara 21, ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Shaihu Umar. Shi ne ƙagaggen labarinsa na farko, kuma bai sake fitar da wani ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

An haife shi a watan Disamba na shekarar 1912 a garin Tafawa Ɓalewa da ke kudancin ƙasar Bauchi, kuma sunan garin ne ya bi shi, kamar yadda aka saba laƙaba wa ɗaliban boko na wancan zamani sunayen garuruwansu. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, ma'aikaci ne a gidan hakimin gundumar Lere, sunan mahaifiyarsa kuma Fatima Inna. Ba ɗan sarauta ba ne, kuma wannan yana da muhimmanci ga duk wanda ke son fahimtar littafinsa da siyasarsa, domin ya tashi ne yana ganin fada daga inda barori ke zama. Ya yi karatun allo, ya shiga makarantar elamantare a garinsu, daga nan ya wuce makarantar lardi a Bauchi. A 1928 aka tura shi Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, inda ya tarar da Ahmadu Bello, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato, da kuma Abubakar Imam. Ya kammala a 1933, ya komo Bauchi ya kama koyarwa a Makarantar Midil.

A wannan shekarar ce Rupert East, Baturen da ke kula da Hukumar Fassara a Zariya, ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Makarantu na fitar da yara masu iya karatu, amma babu abin da za su karanta in ban da littattafan aji. East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman waɗanda za su gwada, ya kuwa ci karo da wata matsala. A wurin malaman lokacin, alƙalami na ilimi ne, na fiƙihu da tarihi da waƙen wa'azi. Ƙirƙirar labarin da bai faru ba kuwa aikin tatsuniya ne, wadda tsofaffin mata ke yi wa yara da dare. Mutum mai mutunci ya zauna ya rubuta ƙarya, ya sa sunansa a kai, abu ne da ba a saba gani ba. Wannan shi ne shingen farko da duk wanda ya shiga gasar sai da ya tsallake.

Littattafan da suka fito daga wannan yunƙuri su ne tubalan ginin ƙagaggen labari na Hausa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East, sai Shaihu Umar. Idan aka jera su za a ga inda malamin na Bauchi ya bambanta. Imam ya ɗauki jaruminsa ya kai shi neman ruwan magani har ƙasar aljanu, cikin raha da wasa kwakwalwa. Bello Kagara ya fara da yaƙin zuwan Turawa, sannan ya tsallaka da Ganɗoki duniyar aljanu da abubuwan al'ajabi. Hanyar da ta fi sauƙi ga sabon marubuci ke nan, domin tatsuniya da labaran Dare Dubu da Ɗaya sun riga sun share ta. Abubakar ya bar ta. Ya nemo abin tsoronsa daga tarihin da mutanen da ke raye a lokacin suka gani da idonsu, wato harin bayi da fataucinsu ta hamadar Sahara.

Labarin ya buɗe ne da wata tambaya. Akwai wani babban malami a Rauta, kusa da Bauchi, wanda ɗalibai ke zuwa ɗaukar karatu wurinsa daga nesa. Hausarsa ta bambanta da tasu, tana da gardin Larabci, ba wanda kuma ya san asalinsa. Wata rana ɗalibansa suka tambaye shi daga ina ya fito, sauran littafin duka amsar wannan tambaya ce daga bakinsa.

An haifi Umar a Kagara, ya tashi maraya. Mahaifiyarsa ta auri Makau, wani barde na hannun daman sarki. Bayan wani harin bayi, fadawa masu hassada suka ƙulla wa Makau sharrin cewa ya ɓoye wasu bayi bai kawo wa sarki ba, aka kore shi daga gari. Daga nan iyalin ya watse. An sace Umar yana ƙarami a lokacin da uwar ta tafi ganin iyayenta, ɓarawon da ya ɗauke shi kuma kura ta cinye shi a daji. Yaron ya riƙa faɗawa daga hannu zuwa hannu har ya iso Kano, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya karɓe shi, ya ƙetare hamada da shi zuwa garinsu Ber Kufa, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya ba shi ilimi har ya zama malami.

Da labarin Umar kaɗai ne, da sai a ce bauta ta zame masa alheri. Marubucin bai bar mai karatu ya huta a kan wannan ba, domin a gefe guda ya bi sawun uwar. Ta bar gida tana neman ɗanta, aka yaudare ta, aka mayar da ita baiwa alhali 'ya ce, aka kai ta arewacin hamada. A Murzuk ta kai kukanta gaban alƙali, amma hakan bai fitar da ita daga ƙangi ba. Wannan sashe ne ya fi kowanne nauyi a littafin, kuma an rubuta shi ba tare da kururuwa ba. Ana faɗin abin da ya faru ne kawai, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya yi kama da gaibu a dukan labarin shi ne mafarkin da Umar ya yi game da mahaifiyarsa, wanda ya sa ya tashi nemanta. Sun haɗu a Tarabulus bayan shekaru masu yawa, wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu. A hanyar komowa guguwar rairayi ta binne ayarin, har da Abdulkarim, Umar ya tsira, ya gangaro har ya zauna a Rauta.

Sai an tuna da shekarar da littafin ya fito kafin a gane ƙarfin halin marubucin. An buga shi a 1934. Dokar Turawa ta 1901 ta hana harin bayi da cinikinsu, ta kuma 'yanta duk yaron da aka haifa bayan watan Maris na shekarar, amma waɗanda ke hannun iyayengijinsu sun ci gaba da zama a haka sai wanda ya fanshi kansa. Ba a soke bauta baki ɗaya a Arewacin Najeriya ba sai 1936. Ke nan lokacin da ɗaliban Makarantar Midil suka fara karanta Shaihu Umar, akwai tsofaffi a cikin birni da suka san zafin abin da ake bayarwa, akwai kuma gidajen da suka ci amfaninsa. Ƙaramin malami da ke cin albashi a ƙarƙashin En'e ya nuna sarki yana tura barade su kamo mutane, ya kuma nuna fada a matsayin wurin da tsegumi ke iya rusa mai gaskiya cikin yini ɗaya.

Masu nazari sun daɗe suna saɓani a kan littafin. Wasu na ganin ya yi wa bauta sassauci, tunda jarumin bai taɓa yin bore ba, ya karɓi komai a matsayin ƙaddara, kuma ubangidansa mutumin kirki ne. Wannan suka tana da tushe. Sai dai wanda ya karanta abin da ya sami uwar Umar da wuya ya rufe littafin yana ganin marubucin bai san muni ba. Inda littafin ya fi rauni shi ne yawan dacen da ke haɗa mutane a daidai lokacin da labari ke bukata, da kuma saurin da aka yi wajen kammala shi, abin da ba baƙo ba ne a aikin farko.

Daga nan rayuwa ta ja shi wani wajen. Ya zama shugaban Makarantar Midil, inda Malam Aminu Kano ya koyar tare da shi. A farkon shekarun 1940 su biyun da Malam Sa'adu Zungur suna cikin masu zaman tattaunawa na 'yan boko a Bauchi, zaman da ake lissafa shi cikin mafarin siyasar zamani a Arewa. Abubakar ne mai sanyin cikinsu. A 1945 ya tafi Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan, ya yi shekara guda. Da ya komo ya shiga Majalisar Dokokin Arewa, a 1947 kuma ya wuce Majalisar Dokoki ta Ikko. A 1950 ya tsaya a majalisa a Kaduna ya gabatar da ƙudurin neman a yi wa tsarin mulkin En'e garambawul, yana mai nuni da cewa talaka ba shi da bakin magana a cikinsa. Sarakuna da yawa ba su ji daɗi ba. Wanda ya san labarin Makau ba zai yi mamakin jin wannan daga bakin marubucinsa ba.

Ya zama Ministan Ayyuka a 1952, daga baya Ministan Sufuri, sannan Firayim Minista a 1957 a ƙarƙashin jam'iyyar NPC, wadda Sardauna ke shugabanta daga Kaduna. Shi ya karɓi takardun 'yancin kai ranar 1 ga Oktoba 1960, ya kuma kai Najeriya Majalisar Ɗinkin Duniya cikin makon da ya biyo baya. Yana cikin shugabannin da suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa a 1963. Daɗin muryarsa da tsabtar Turancinsa suka sa aka yi masa laƙabi da mai muryar zinariya.

A cikin gida kuwa abubuwa ba su yi daɗi ba. Rikicin Jihar Yamma na 1962, da ɗaure Cif Obafemi Awolowo a 1963, da taƙaddamar ƙidayar jama'a, da zaɓen 1964, da tarzomar da ta biyo bayan zaɓen Yamma na 1965, duk a zamaninsa suka faru. Haƙuri da kawaicin da ya yaba a halin Shaihu Umar, waɗanda shi ma aka san shi da su, su ne masu sukarsa suka kira jinkiri a lokacin da ƙasa ke bukatar a yanke hukunci. Magoya bayansa kuma na cewa da ba don wannan hali ba, da tarayyar ta wargaje tun kafin nan.

Kwanaki kaɗan bayan ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Ikko kan batun Rodeshiya, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a daren 15 ga Janairu 1966, daren da aka kashe Sardauna a Kaduna da Cif Akintola a Ibadan. An tsinci gawarsa bayan kusan mako guda a gefen hanyar Ikko zuwa Abekuta, aka kawo ta Bauchi aka yi mata sutura. Yana da shekara 53. Bai bar dukiyar a zo a gani ba.

Littafin ya ci gaba da tafiya bayan mai shi. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo, wanda aka buga a 1975, Adamu Halilu kuma ya shirya fim ɗinsa da Hausa a 1976. An daɗe ana zaton fim ɗin ya salwanta, sai daga baya aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin Balin a 2018.