Alhaji Abubakar Imam (1911–1981): Malamin da Ya Naɗa Aku Waziri

Duk ɗan garin nan da ya yi firamare a zamaninmu, ko a kan benci ya zauna ko a kan tabarma a inuwar darbejiya, in ka ambata masa Waziri Aku sai ka ga ya yi murmushi. Da yawanmu mun mance sunayen kogunan da muka haddace a darasin labarin ƙasa, amma Malam Zurƙe ɗan Muhamman yana nan daram a zukatanmu. Wannan ne ya sa a mujallarmu ta bana na ga ya dace mu waiwayi rayuwar mutumin da ya ƙago waɗannan taurari, marigayi Alhaji Abubakar Imam.

An haife shi a Kagara, cikin Jihar Neja ta yau, a shekarar 1911. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne, don haka da allo ya fara buɗe ido kafin boko. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya fito a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a Midil ta Katsina. Ke nan tun kafin a san shi da alƙalami ya riƙe alli, ya tsaya gaban yara, ya san abin da ke sa su kasa kunne da abin da ke sa su gyangyaɗi.

A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Baturen nan Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai da Hausa. Imam, yana ɗan shekara 22, ya aika da Ruwan Bagaja. Littattafan da gasar ta haifar sun haɗa da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, ɗan ƙasar Kano. East ya hangi baiwar saurayin, ya nemi aronsa zuwa Zariya a 1936, inda cikin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, don karatun ɗalibai.

A nan gwanintarsa ta bayyana. Yawancin labaran ya samo tushensu daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Indiya da na Jamus, amma sai da ya sa musu riga da hula irin tamu, har mai karatu ya ɗauka a ƙauyensu abin ya faru. Kowane tauraro ya ba shi hali guda fitacce da suna mai faɗin halin. Yaro yana jin Sahoro da Sahorama ya san ya gamu da malalata. Yana jin Kalala da Kalalatu ya san kwaɗayi na tafe. A Ruwan Bagaja kuwa ya haɗa Alhaji Imam da Malam Zurƙe, in wannan ya yi wa wancan tsiya yau, gobe a rama, shi kuma mai karatu ba ya iya ajiye littafin sai ya ga wa zai ci.

Babban tauraronsa shi ne aku. Tsuntsu ne da ba shi da takobi ko dukiya, bakinsa ne kaɗai jarinsa. A littafi na ɗaya, da labarai ya riƙa tsare Musa ɗan Sarki Abdurrahman a gida, don kada ya faɗa tarkon mugun waziri, har a ƙarshe wazircin ya dawo hannunsa. A na biyu ya yi gasar ba da labari da wani aku mai suna Haziƙ. A na uku ya zaunar da ɗansa Fasih yana koya masa sana'ar, kamar yadda malami ke yi da ɗalibi. Imam bai cika tsayawa yi wa yara wa'azi ba. Sai ya bar su su so aku, su tsani waziri, darasin ya shige tare da dariya.

A Janairun 1939 ya zama editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya riƙe ta wajen shekara 12. A 1943 yana cikin 'yan jaridun Afirka ta Yamma da suka ziyarci Ingila tare da Nnamdi Azikiwe, tafiyar da ta haifar da littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga baya ya shugabanci Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa. Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981.

'Yan uwana mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas, shekarun da na yi ina hedimasta sun nuna mini cewa yaron da ya ƙi karatu, sau da yawa bai sami wanda zai so ba ne a cikin littafin. Na ga ɗan manomi da ke tserewa zuwa roron gyaɗa ya dawo aji da ƙafarsa don ya ji yadda Musa ya ƙare. Yau kuwa jikokinmu na zuwa hutun Sallah, sun san taurarin katun na talabijin ɗaya bayan ɗaya, amma ba su taɓa jin sunan Fasih ba, wasu ma ba sa iya karanta shafi guda da Hausa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Roƙona ga wannan ƙungiya tamu mai albarka shi ne, kamar yadda muke haɗa kuɗi mu haƙa rijiya mu gyara rufin aji, mu ware wani abu bana mu sayi Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja mu raba wa makarantun firamaren garinmu da ƙauyukan kewaye. Kowane magidanci kuma ya ajiye nasa a gida, ya riƙa karanta wa yara labari ɗaya bayan sallar Isha.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, Ya kai haske kabarinsa, Ya albarkaci zuriyarmu. Amin.