Ella Stewart, Mai Haɗa Magani Da Ta Mai Da Gidanta Masauki

A wannan mako za mu duba rayuwar Ella Stewart, baƙar fata 'yar Amurka, wadda aka haifa a jihar Bajiniya a 1893. Da ta nemi shiga Jami'ar Pittsburgh domin koyon haɗa magunguna, aka ƙi ta. Ta nace har aka karɓe ta. Ta gama a 1916, ita ce mace baƙar fata ta farko da ta kammala wannan karatu a can. Ta yi aiki a asibitin garin Braddock, daga baya kuma a na Youngstown.

A 1922 ita da maigidanta William suka buɗe kantin magani a Toledo, suna zaune a saman benen. Wannan bene shi ya fi taɓa mu. A wancan zamani otal-otal ba sa karɓar baƙar fata kome shahararsa, sai suka riƙa saukar da baƙi a gidansu. Mawaƙiya Marian Anderson ta sauka a wurinsu, haka ma W.E.B. Du Bois.

Ta shugabanci ƙungiyar mata baƙar fata ta ƙasa daga 1948 zuwa 1952. Tun tana da rai aka sa wa wata makaranta a Toledo sunanta. Ta rasu a 1987.